Mahauci, Tramol da Takardar Nas

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni mahauci ne, ɗan mahauci, haifaffen Aboabo a Kumasi. Kakan babana fataucin goro ne ya fito da shi daga ƙasar Kano ya zauna a Salaga, da garin ya watse bayan yaƙin 1892 sai gidanmu ya gangaro kudu, a hankali goro ya koma fawa. Na yi allo, na yi boko har ƙaramar sakandare, amma tun ina firamare kowane hutu a mayanka nake yinsa. Da wankin tumbi na fara, sai babbakar kai da ƙafa, sai fiɗa. Da ƙarfi ya zo mini na shiga dakon nama, don a nan kuɗin yau da yau yake.

Wanda bai taɓa saɓa cinyar bijimi a kafaɗa ba ba zai gane aikin ba. Tun kafin kiran assalatu kana tsaye, ƙasa duk ruwa da jini da santsin kitse, ka sunkuya a ɗora maka, ka miƙe ka nufi mota da sassarfa don mai nama na jira kasuwa kuma ba ta jiran kowa. Ina cikin wannan Baba ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ni ne babban namiji. Ga Mma, ga ƙanne 'yan makaranta, ga maganin Baba, ga amarya da ba ta daɗe da tarewa ba. Na ninka aiki. Ba a jima ba bayana ya fara magana, ciwo daga ƙugu yana bin ƙafar hagu har diddige, wata safiyar sai matata ta kama ni kafin in iya sauka daga gado.

A shekarar 2016 ne wani abokin aiki ya ga ina dafa bango a teburin mai shayi. Ya fito da kafso guda, ya buɗe shi ya zazzage a cikin lemon ƙara kuzari, ya girgiza ya miƙo mini. Bai ce ƙwaya ba. Cewa ya yi maganin gajiya ne, kowa yana sha. Da gaskiyarsa, kusan kowa yana sha: 'yan dako, masu tuƙa aboboya, wato babur mai ƙafa uku na dakon kaya, yaran mota a tasha, masu haƙar zinariya da ke dawowa daga daji. Tramol muke ce masa, wato tramadol, maganin kashe ciwo mai ƙarfi.

Kuma ya yi aiki, wannan ba zan ɓoye ba. A ranar na yi dakon mutum biyu ban ji bayana ba. Na shiga gida da ledar cefane da canji a aljihu, Mma tana ta sa mini albarka. Masu wa'azi kan ƙwaya sukan tsallake wannan wurin, shi ya sa yaran ba sa sauraronsu. A watannin farko ni ne yaron kirki na gidanmu da na mayanka, masu nama har rububina suke yi. Akwai kuma dalili na biyu da maza ke raɗa wa juna, wai yana sa namiji ya daɗe a shimfiɗa. Wannan ma ya riƙe mutane da yawa da bayansu lafiya lau.

Daga baya na san lissafin abin da nake zuba wa cikina. Tramadol ɗin da hukumar abinci da magunguna ta Ghana ta yi wa rajista mai ƙarfin miligiram 50 ne da 100, kuma ko a asibiti likita ba ya wuce 400 a yini guda. Wanda muke saya a lungu mai lamba 120 ne, da 200, da 225, har 250, ana shigo da shi ta ɓarauniyar hanya. Guda biyu na 225 sun riga sun haura iyakar likita. Ni kuwa na kai matsayin da kafin azahar na wuce haka. Bayan gida ya ɗaure mini, abinci ya fita raina sai shayi da lemo, jiki ya riƙa ƙaiƙayi, in zauna a majalisar ataya ina gyangyaɗi ido rabi a buɗe. Kuɗin da na shiga ƙwayar don in nemo, yanzu ita ke cinye rabinsa.

A 2018 gwamnati ta taso wa abin. Aka hana maganin tari mai kodin, aka tsaurara kan tramadol, Indiya ma inda akasarinsa ke fitowa ta sa shi cikin magungunan da doka ke tsarewa. Kaya ya yi wuya a Aboabo da Asawase, kuɗinsa ya tashi. Ranar da na fara rasa shi na kwana da zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, majina, ciki yana juyawa. Na ce maleriya ce, na sayi maganinta a shago na sha, ko gezau. Da yamma wani yaro ya samo mini guda ɗaya. Kafin a yi isha'i na warke sarai har na ci tuwo. Ina zaune a ƙofar gida gabana ya faɗi, don na gane cewa yanzu ba don aiki nake sha ba, don kada in kwanta ciwo nake sha. Ban gaya wa kowa ba. Wa zan gaya wa? Baba yana kwance, Mma tana ganin ni ne bangon gidan.

Asirin ya tonu ne a mayanka. Ina tsakiyar fiɗa da wuƙa a hannu, sai farkawa na yi a ƙasa, mutane sun kewaye ni, an sheƙa mini ruwa, hannuna na zubar da jini inda wuƙar ta same ni, haƙorina ɗaya ya karye saboda cokalin da aka cusa mini a baki. Suka ce na sandare na yi ta jijjiga, kumfa na fita. A danginmu babu mai farfaɗiya. Nan take aka yanke hukunci: wurin jini ba ya rabuwa da iskoki, na taka wani abu da asuba ban yi bisimilla ba. Waɗanda suka san abin da nake sha suka yi shiru, don su ma yana aljihunsu.

Kawu ya ɗauke ni zuwa wani ƙauye a hanyar arewa, wurin wani malami da ake kai masa masu taɓin hankali da yaran da suka gagari iyayensu. A daren farko na nemi gudu, sai aka sa mini mari. Daga nan abin ya taso gadan-gadan. Hamma ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina, gumi ga sanyi, gudawa ina ɗaure ba halin in kai kaina bayan gida, ƙafafuna suna harbawa da kansu. Ina ihu ina roƙon a ba ni ko rabi ne. Almajirai suka ce aljanin ne yake magana, ya ji zafin ayoyi. Aka ƙara hayaƙi, aka ƙara rubutu, wani lokaci har da bulala don a hanzarta fitarsa. Ba na zagin malamin, ya yi imani da abin da yake yi, kuma ni har gobe ina karanta Falaƙi da Nasi in tofa a jikina. Amma ɗaure mai gudawa a turke ba ya cikin ruƙiyar da na karanta a makaranta. Hukumar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasar nan ta haramta ɗaure marasa lafiya da sarƙa tun 2017, a sansanonin addu'a na coci da wuraren masu maganin gargajiya da na malamai baki ɗaya, sai dai haramcin bai iso ƙauyen ba.

Da jikina ya lafa aka ce aljani ya fita. Na dawo gida a rame, Mma ta yi sadakar masa. Na koma mayanka, kaya iri ɗaya, baya iri ɗaya, abokai su ne dai. Ba a daɗe ba na saya, kuma na sha daidai yadda na saba sha kafin a tafi da ni. Matata ce ta ji minsharina ya canja cikin dare, ta girgiza ni ban motsa ba, ta haska fitilar waya ta ga leɓɓana sun yi baƙi, numfashi sai an jima ya zo. Ihunta ne ya tara maƙwabta, aka sa ni a pragya, keke mai ƙafa uku na haya, sai asibiti. An sa mini iskar oksijin, an yi mini allurar naloxone, wadda ke ture irin wannan ƙwaya daga inda ta kama a ƙwaƙwalwa don numfashi ya dawo.

Washegari likita ya ce za a tura ni sashen masu taɓin hankali. Mma ta miƙe tsaye ta gyara mayafi ta ce ɗanta ba mahaukaci ba ne, kuma tana da 'yan mata a gida da ba su yi aure ba, idan zango ya ji an kwantar da yayansu a can wa zai zo neman su. Kada ku ga laifinta, haka mutanenmu suke auna abin.

Sai ga wata nas daga sashen ta zo. Batoniya ce, wato 'yar ƙabilar Asante, Kirista, mai matsakaicin shekaru, ta tashi a gefen Asawase don haka tana jin Hausa irin tamu ta zango. Ta durƙusa ta gaida Mma, ta jawo benci ta zauna kusa da ita.

"Mma, da aka kai shi wancan wurin, me kika gani a jikinsa?"

Mma ta fara lissafi, ta ce hamma. Nas ta karɓe: "Da majina da hawaye. Da gudawa. Tsikar jikinsa tana tashi ko da rana tsaka. Ƙafafunsa ba sa zama wuri ɗaya. Ba ya barci. Ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, da aka yi kamar mako sai ya fara sauƙi."

Mma ta zuba mata ido. "'Yata, kina wurin ne?"

"A'a Mma, kullum ina ganinsa ne a ɗakinmu. Yau da dare ma zai fara masa. Ki bar mini shi ki gani ko na yi ƙarya."

Ta kuma bayyana mata abin da ya kusa kashe ni. Jikin mai shan ƙwaya yana sabawa, shi ya sa yake ta ƙara yawa. Idan ya yi makonni bai sha ba wannan sabon yana zubewa, in ya koma ya sha adadinsa na da, jikin ba zai iya ɗauka ba, numfashi ya tsaya. Ta ce mafi haɗarin lokaci ga irinmu shi ne bayan fitowa daga kurkuku, ko asibiti, ko gidan mari. Faɗuwar da na yi a mayanka kuwa, tramadol in ya yi yawa yana jawo farfaɗiya ko ga wanda bai gaje ta ba. Mma ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce a yi abin da ya dace amma kada a gaya wa Baba.

Da dare ya fara, kamar yadda ta faɗa.

Abin da na fi tunawa a ɗakin nan wata takarda ce da ke maƙale a fayil ɗina, mai layi 11. Bayan 'yan sa'o'i nas za ta zo ta tsaya a kaina. Ta kama wuyan hannuna tana duban agogon da ke rataye a ƙirjinta. Ta haska mini ɗan tocila a ido ta ga yadda baƙin tsakiya ya buɗe. Ta shafa damtsena ta ji ko tsika ta tashi. Ta ce in miƙa hannuwa gaba in ware yatsu, ta duba rawarsu. Tana yi mini hira tana ƙirga hammar da nake yi ban sani ba. Ta tambayi sau nawa na zaga, ina ke ciwo, ta dubi goshina ko akwai gumi. Kowanne ta ba shi maki, ta tara, ta rubuta jimla da lokaci, sannan ta juyo da takardar ta nuna mini. Da wannan jimlar likita ke sanin abin da zai ƙara ko ya rage.

Ba zan iya kwatanta muku abin da takardar nan ta yi mini ba. Azabar da na sha a ɗaure ana ce mini aljani ne, wadda ni kuma a zuciyata nake ɗauka lalacewata ce da rashin imani, ga ta an san ta layi-layi, an san farkonta an san inda za ta juya. Lambar ta hau, ta ƙara hawa, nas ta ce gobe ma za ta hau kada in tsorata. Ranar da ta fara sauka na karɓi takardar na riƙe da hannuna ina dubawa. Akwai safiyar da na zazzage ta da zagi, zagin mahauta wanda ba ya maimaituwa, don ta ƙi kira mini likita ya ƙara mini magani. Ba ta tanka ba. Ta duƙa ta yi rubutu ta ce, "Sarkin fawa, layin fushi yau ka cinye makinsa duka." Haka take kirana, ni kuma ina ce mata Madam. Da rana na ba ta haƙuri, ta ce ai ba da ni ta yi faɗa ba.

Wani abin da ya ba ni mamaki, ba a yanke mini tramadol lokaci guda ba. Likita ya rubuta na gaskiya mai lamba 50, ana ba ni a kan lokaci ana ragewa a hankali. Nas za ta tsaya sai na haɗiye, ta ce in buɗe baki in ɗaga harshe. Ga ruwan gishiri da sukari kofi bayan kofi saboda gudawa, ga maganin tsayar da ita, ga na amai, ga farasitamol don gaɓoɓi, ga na barci na 'yan kwanaki kawai, wanda suka ƙi ci gaba da ba ni don shi ma yana kama mutum. Gadona na ƙasa-ƙasa ne kusa da teburinsu saboda tsoron farfaɗiya. Duk abincin da aka kawo daga gida sai an bincika, kuma da dalili, don an taɓa samun ƙwaya a cikin burodin da wani abokina ya kawo mini da sunan zumunci.

Dare ya fi komai wuya. Ban da ciwon jiki, akwai wani tsoro da ke taso mini ba dalili, da wani abu kamar wutar lantarki da ke tartsatsi a cikin kaina in na juya ido, wani lokaci in ji kamar ana kiran sunana. Na ɗauka haukan ne ya zo da gaske. Mai aikin dare wani saurayi ne Badagombe, shi ya zaunar da ni ya ce tramadol hannu biyu gare shi: ɗaya irin na dangin mofin, ɗaya kuma yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa da magungunan ciwon damuwa ke taɓawa, shi ya sa barinsa ke haɗa ciwo iri biyu. In ƙafafuna suka hana ni kwanciya sai ya jiƙa tawul da ruwan ɗumi ya naɗe mini, in abin ya ƙi mu yi ta kai da kawowa a baranda yana ba ni labarin Tamale da ƙwallon Kotoko. Da asuba ya kawo mini buta mu yi salla tare. Ma'aikata biyu ne kawai a kan ɗaki guda cike da majinyata, wasu suna fisge-fisge, amma ban taɓa jin ya ɗaga mini murya ba.

Maganar kuɗi kuwa, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2012 ta ce jinyar kyauta ce, amma mu dai mun sayi magani mun biya gwaje-gwaje. Matata ta kwashe kuɗin susunta, wato adashenta, ta sayar da atamfofinta na aure. An ba mu shawarar in wuce gidan gyaran hali na wasu watanni. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati uku ne a ƙasar nan, na Accra da aka buɗe a 1906, da Ankaful kusa da Cape Coast na 1965, da Pantang na 1975 wanda ke da sashen masu shaye-shaye, kuma dukansu suna can kudu wajen bakin teku. Mutumin Kumasi, balle na Bawku ko Wa, sai ya haɗa kuɗin mota da na jinya da na barin sana'a. Aljihunmu bai kai ba. Aka sallame ni a kan zan riƙa zuwa asibiti, nas ɗin unguwa kuma za ta riƙa biyo ni gida.

Kafin mu fita Madam ta zaunar da ni da matata. Ta koya mata in na faɗi ta kawar da abin da zai ji mini rauni, ta juya ni a kan haƙarƙari, kada ta sa mini komai a baki, kada a danne ni, in jijjigar ta wuce minti 5 a nufi asibiti. Ta nuna mata alamun wanda ƙwaya ta yi wa yawa: baƙin ido ya tsuke, numfashi ya ja baya, ba ya farkawa. Aka gwada jininmu na ciwon hanta. Sannan ta yi mini tambayar da tun fara wannan bala'i babu wanda ya yi mini, ba Kawu ba, ba malam ba: "Ranar farko, me ya sa ka sha?" Na ce bayana. Ta ce to bayan yana nan bai je ko'ina ba, in na koma dako zan koma tramol, ko na rantse da me. Ta rubuta mini takarda zuwa wurin masu gashin ƙashi da motsa jiki.

Barin dako shi ne hukunci mafi nauyi da na yanke, ya fi kwanciya asibiti. Mutum yana ji da ƙarfinsa a ce ya koma gefen tebur yana yanka na sidi biyar da na sidi goma. Wani dattijo abokin Baba ya ba ni gefen teburinsa a kasuwa, yana ba ni nama bashi in biya da yamma. Abin da nake samu bai kai rabin na da ba. Ƙanena ya bar makaranta na shekara guda saboda haka, kuma har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

Mutane suna zaton in gudawa ta tsaya an warke. Watannin da suka biyo baya sun fi makon asibiti tsawo da duhu. Barci sai ɓarawo, abinci ba ɗanɗano, an haifa mini ɗiya na ɗauke ta a hannu ina neman farin cikin a ƙirjina ban same shi ba. Nas ɗin unguwa ce ta gano. Zuwanta na farko da kayan aiki ta zo, kafin ta fita labari ya zaga layinmu, sai matata ta roƙe ta. Daga ranar take zuwa da atamfa da gyale kamar baƙuwar gida, ta zauna a tabarma ta sha koko. Wata rana ta sallami kowa ta dube ni ta ce, "Ɗan'uwana, kana tunanin kashe kanka?" Ba kwana-kwana. A lokacin yunƙurin kashe kai laifi ne a dokar Ghana, sai a 2023 majalisa ta soke wannan, ga kuma abin da addini ya ce, don haka magana ce da ba mai furtawa. Na sunkuyar da kai na ce yana zuwa mini. Ba ta yi salati ba, ba ta yi mini wa'azi ba. Ta tambaya ko na shirya wata hanya, ta sa matata ta kwashe wuƙaƙena ta kai gidan dattijon nan a riƙa ba ni a kasuwa kawai, washegari ta raka ni wurin likita aka ɗora ni a kan maganin ciwon damuwa. Sai da ya yi makonni kafin in fara jin bambanci, kuma ta riga ta gaya mini haka zai yi.

Na zame sau ɗaya, a Babbar Salla. Ranar layya mahauci ba ya zama, gida-gida ake kiranka fiɗa, kuɗin da za ka samu a kwana biyu ya fi na wata. Na ce bari in yi kaɗan. Zuwa la'asar bayana ya riƙe, wani yaro ya miƙo, na karɓa. Kunya ta hana ni zuwa asibiti ranar da aka ba ni, sai ga kiran Madam a waya. Na gaya mata. Na jira faɗa, sai ta ce guda nawa, mai lamba nawa, na ƙara bayan nan ko ban ƙara ba, me na ci a ranar, ƙarfe nawa na kwanta daren jajibere. Muka bi ranar daki-daki har muka ga inda ta karkace. Ta ce layya mai zuwa rago kaɗan zan karɓa, ban da sa, kuma in ɗauki yaro mai ɗaga mini. Haka nake yi har yanzu. Ita ce kuma ta haɗa ni da wani zama da masu irin matsalata ke yi mako-mako, Musulmi da Kirista, akwai direba akwai malamin makaranta, kowa ya faɗi yadda makonsa ya wuce ba mai yi wa wani dariya.

A 2020 an yi sabuwar dokar miyagun ƙwayoyi wadda ta ɗauki shaye-shaye a matsayin matsalar lafiya, ta mayar da hukuncin wanda aka kama da ɗan abin da zai sha tara maimakon shekaru a kurkuku. An ci gaba, ba musu. Amma tarar tana farawa daga sidi 2,400, wanda bai biya ba kuma gidan yarin dai zai tafi, to ɗan dako ina ya ga wannan kuɗin? Kuma doka ba ta zama a tabarma ta sha koko da kai. Mutum ne ke yin wannan, mutanen kuwa suna ta raguwa. Madam ta tafi Ingila aiki kamar dubban nas-nas ɗin ƙasar nan, ban ga laifinta ba, na san abin da take ɗauka a wata bai kai wahalarta ba. Wadda ta gaje ta yarinya ce, ba ta jin Hausa, da Tonanci muke magana, amma ta karanta fayil ɗina tun daga shafin farko kafin ta ce mini uffan.

Baba ya rasu bai san komai ba, ko kuma ya sani ya yi shiru irin nasu na manya. Ƙannena mata duk sun yi aure. Yanzu teburin nawa ne, da yara biyu a ƙarƙashina. Bayana yana tashi lokacin sanyi, in yi motsa jikin da aka koya mini in sha farasitamol, kuma duk asibitin da na je nakan faɗa tun a bakin ƙofa kada a rubuta mini tramadol ko danginsa.

Kayan kuwa sun canja riga. Yanzu ja ake yayi, wanda yara ke kira red. A farkon 2025 binciken BBC ya nuna yadda ake haɗa magunguna biyu, tapentadol da carisoprodol, a Indiya ana turo su Ghana da Najeriya da Kodebuwa, haɗin da babu ƙasar da ta amince a sha, kuma shi ma yana tsayar da numfashi. Ina ganinsu a bakin kasuwa, yaro a tsaye ya sunkuya yana barci.

Ɗaya daga cikin yarana na tebur ya fara. Na gane tun daga yadda yake sosa wuya da yadda ya daina cin waken da nake saya musu da rana. Na kira shi bayan kasuwa ta tashi na tambaye shi ina ke masa ciwo, ya ce ba ko'ina, daga baya ya ce kafaɗa. Na hana shi ɗaukar kaya, na karɓe wuƙa daga hannunsa na mayar da shi kan sikeli da karɓar kuɗi a gabana. Na je na sami mahaifiyarsa na ba ta labarina duka, har da marin, na ce zan raka su wurin nas ni zan biya kuɗin mota da kati. Ta yi kuka ta yi godiya, ta ce za ta yi shawara da kawunsa, amma akwai wani malami da aka ba ta labari, za su fara gwada can tukuna. Na koya mata yadda ake juya mutum a kan haƙarƙari, na sa mata lambata a waya, na ce ranar da aka dawo da shi daga can ta kira ni kafin ya fita ko ƙofar gida.